Man Kaɗen Inna a Kan Faifan Zinariya

Anti Saratu, don Allah ki taimake ni, kwana huɗu ke nan na rasa yadda zan yi.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Anka. Gubar dalma ta kashe yara biyu a gidanmu, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Shi ya sa a digirina na biyu na zaɓi haɗa na'urar gwada ruwan rijiya. Ana shafa wani sinadari a ɗan faifan zinariya mai ɗaukar lantarki, shi zai kama dalma in tana cikin ruwa. Don a tabbatar sinadarin ya manne, sai a haska faifan da hasken infrared, wanda ido ba ya gani, in ya manne sai kwamfuta ta zana layi mai tudu. Nawa tudun ya fito tsaf. Malamina Dakta Sufyanu ya yaba, Kawu Sahabi kuwa ya gama shelanta wa gari cewa na'urata na nan tafe.

Ranar Litinin na haska faifan da ban shafa wa komai ba, sai ga tudun nan dai. Na bi diddigi, ashe man kaɗen da Inna ke aiko mini daga kasuwar Bukkuyum ne. Kullum yana hannuna, in safar hannu ta ƙare kuma da yatsu nake ɗaukar faifan. Wata takwas ina auna man shafawata. Saura mako uku in kare aikin a gaban malamai uku, kuma ba wanda ya sani. In na yi shiru zan wuce. In na faɗa, ƙila a ƙara mini shekara, ban san da wane ido zan kalli mutanenmu ba. Wallahi tsoro nake ji.

'Yar Anka Mai Damuwa

'Yata, na ji tausayinki, kodayake sai da na murmusa. Man Inna ba shi da laifi, kada ma ki gaya mata.

Ban raina tsoronki ba. Ƙarin shekara ba wasa ba ne, bakin Kawu kuma ya riga ya yi nisa. Amma ki lura, ba kama ki aka yi ba, ke kika gano kuskuren, kuma aikin mai bincike ke nan. Gobe da safe ki ɗauki zanen faifan nan da ba a shafa wa komai ba, ki kai wa Dakta Sufyanu. Ki nemi lokaci, ki sayi safar hannu taki ta kanki, ki sake gwajin. Zai yi faɗa, ki haƙura. Kawu kuwa ki ce masa aiki bai nuna ba tukuna.

Shiru ne ba zan ba ki shawararsa ba. Malamai uku za ki iya wucewa da tudun ƙarya. Amma wata rana na'urar za ta ce rijiya lafiya lau, wata uwa ta yarda da ke ta ɗebo ta shayar da ɗanta. Gidanku ya riga ya binne biyu.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa aikin ya amfani mutanenki.

Anti Saratu