Makashin da Aka Binne Ya Dawo, Ta Ce Ƙarya Nake

Don Allah Hajiya ki taimake ni, neman aurena na shirin rushewa saboda wani ƙato mai adda wanda ko a duniya babu shi.

Ni dai ban iya kalaman soyayya ba. In na je zance wurin Shafa'atu a Mabai, daga gaisuwa sai kallon takalmina. Da na ga Zailani mai babur ya fara zarya a ƙofar gidansu, sai na yi dabara: in kalli fim ɗin tsoro a waya, in je in ba ta labari. Kashi na ɗaya ya yi mini rana. Makashin ya rufe fuska da buhu yana bin 'yan makaranta, har wata yarinya mai wayo ta ƙone shi, aka binne. Kakar Shafa'atu ma sai da ta riƙa matso da tabarma bayan zana.

Sai na je Ƙanƙara aka tura mini na biyu. Wallahi abin da na gani na faɗa. Mutumin ya dawo garau, ba bayani, kuma yarinyar nan mai wayo ya fara sarewa. Shafa'atu ta miƙe ta ce wanda zai iya tayar da matacce da bakinsa, ba abin da ba zai ƙaga ba bayan aure. Kaka ta ce dama idona bai kwanta mata ba. Yanzu ko na yi aike ba ta fitowa, ni kuwa ina son ta.

Mai Gaskiya, daga Yargoje

Mai Gaskiya, na nemo fim ɗin na kalla. Masu fim ne suka yi ƙaryar, kai kuma ka yi dakonta har Mabai. A yi musu adalci, hoton ya fi na farko kyau, guje-gujen cikin gonar masara kuwa sai da ya sa miyata ta ƙone. Amma jini suka ƙara, suka rage hankali. Wa zai ji motsi a rumbu ya leƙa shi kaɗai?

Shafa'atu ma tana da gaskiyarta. Ta ɗauki yarinyar nan kamar ƙanwarta, ka kashe ta tun ba ka sha ruwan da aka kawo maka ba. Ka tura wa yayar Shafa'atu fim ɗin su kalla da rana, har da Kaka. Wannan zai wanke ka.

Amma ɗana, yarinya ta yi ta shimfiɗa maka tabarma, ka kashe mata makaranta guda, ba ka taɓa ce mata kana son ta ba. Ni ka faɗa wa. Je ka faɗa mata, ka tura magabatanka, don Zailani ba fim yake kallo ba. Allah ya sa alheri.