Jirginka Ya Faɗa Gidan Kanar

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Gyaɗi-Gyaɗi da sauƙi.

Ranar Asabar 'yan ƙungiyarmu ta masu ƙera jiragen sama na wasa muka fita fili a Darmanawa, na saki ɗan jirgin da ka ƙera. Na manta ban kunna lagwanin da ke sauko da shi ba, iska ta kai shi gidan wani Kanar mai ritaya. An ce mulkin soja ya ƙare, amma masu gadin Kanar ɗin ba su sami labari ba. Sau biyu suna zuwa gidanmu neman mai jirgin, Inna ko abinci ta kasa ci.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Don Allah kada ka zo hutun nan, sunanka ne a fiffiken.

Ƙaninka,
Bala