Yaron Delu a Filin Amurka

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024
'Yata Maijidda ta sake haɗa wayarta da talabijin, wai yau yayanta zai buga. Na ce ni tsintar wake zan yi. Na kuwa kawo faifan falo, ai falon nawa ne.

Har yau ban gane abin da ya sa Amurkawa ke ce wa wannan abu ƙwallon ƙafa ba. Ƙwallon kamar gwanda, a hannu ake rungume ta. Aikin yayan nata shi ne a danƙa masa ita a ciki, ya sunkuyar da kai ya kutsa cikin ƙarti, kowanne burinsa ya kai shi ƙasa. Ranin-bak, in ji Maijidda. Ni dai mai neman duka na gani.

Ana kiran magariba wani ƙato ya shigo masa ta gefe, hular kwano ta daki hular kwano. Har a haƙorina na ji ƙarar. Ya kwanta, hannunsa ɗaya ya sandare a sama. Maijidda na ta ihu, Yaya Abdul, Yaya Abdul! Na tashi na yi alwala. Allah kaɗai ya san raka'a nawa na yi.

Litinin, 7 ga Oktoba
Ya farfaɗo. Delu ya kira, ita ta aiko mini. Daidai ne, ai ɗanta ne. Ranar da na yaye shi ta zo ta ɗauke shi zuwa Kurmin Mashi, yayar mahaifinsa ce, babu mai ja da ita. Ɗan fari ne. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama in yi hira da shi ba, haka uwata ta yi da yayanmu. Shi ma Malama yake ce mini, kamar yaran ajina.

Likitoci sun ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza. Wannan ne karo na uku, in ji Maijidda. Na uku! Ni na biyun ma ban ji labarinsa ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na rubuta darasin lissafi a allo, na juyo, na manta abin da zan ce. Yara suka zuba mini ido.

Laraba, 16 ga Oktoba
Maijidda ta karanto mini abubuwa a waya, da ma ba ta karanto ba. Wai masu irin aikinsa ba sa daɗewa, kafin su kai talatin an fara kiransu tsofaffi. Shi yana ashirin da bakwai. Wasu in sun daina wasa sai mantuwa, sai fushi ba dalili, wani har hanyar gidansa ke ɓace masa. Kuma akwai wani sabon yaro a ƙungiyarsu da ke jiran gurbinsa, tun da ya kwanta shi ake ba ƙwallon.

Na tuna yana ɗan sakandare, yana tsere a Murtala Square da takalmin aro. Ina bayan mutane cikin hijabi, ban bari ya gan ni ba. A nan wani mai horarwa ya gan shi, ya nema masa makaranta a can. Marigayi mahaifinsa ya ce gudu zai je yi. Wa ya ce mana gudun da karo ne?

Juma'a, 18 ga Oktoba
Na yi abin da zan daɗe ina cizon yatsa.

Na je gaida Delu bayan la'asar. Ina zaune ya kira, ta ƙara murya yadda kowa zai ji. Ga matan gidan, ga baƙi biyu daga Katabu. Ya ce likitan ƙungiya ya ce ya warke, zai iya komawa mako mai zuwa. Amma wani likitan da ya gani da kansa ya ce in ɗansa ne, ba zai bari ya koma ba. Ya ce, Inna, na rasa yadda zan yi. Sai ya ce, Malama tana nan? Me ta ce?

Duk suka juyo. Delu na murmushi, ta san amsar da ya kamata in bayar. Na kuwa bayar. Na kau da kai na ce, ni meye nawa a ciki? Ɗanki ne, ku kuka sani.

Matan suka yi dariya, ɗaya ta ce, kai, Malama Hajara akwai kara. Delu ta ce masa namiji ba ya gudun fili, abin da Allah ya rubuta ba makawa, ya koma. Ya ce, to. To ɗin nan ba ta da rai ko kaɗan.

Asabar, 19 ga Oktoba
Maijidda ba ta ci tuwona ba. Ta ce, Mama, shekara goma sha ɗaya Yaya yana can. Mutanen can in ka ce ba ruwanka, ba ruwanka ɗin suke ɗauka. Na ce ai ɗan Hausawa ne, ya san kunya. Ta ce ya sani da, yanzu kansa ciwo yake, kuma ke ya tambaya.

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. 'Yar banza, bakinta kamar na ubanta, ba ya faɗin ƙarya.

Talata, 22 ga Oktoba
Na ɗauki waya, na ajiye. In ce masa me? Ta ina ake farawa? Ko gaisuwa ban san yadda zan yi masa ba in babu wani a tsakani.

Na ba da sadakar ƙosai a masallacin layinmu. Na ce Malam ya sa wani yaro a addu'a. Ya ce wane yaro? Na ce na Delu.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Zai buga ranar Lahadi. Ban ci komai ba, ruwan zafi kawai na sha.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Ban shiga falo ba. Ina tsakar gida ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Na ji Maijidda tana ta tafi, wai ya ratsa su ya yi nisa. Na ce Alhamdulillahi, wataƙila ni ce mai mugun zato.

Sai tafin ya tsaya. Mai sharhin ma ya sassauta murya. Da na leƙa, 'yan wasan duk sun durƙusa, har da waɗanda suka kayar da shi. Wata 'yar mota ta shigo fili ta ɗauke shi a kwance, an ɗaure masa wuya.

Ni na aika shi. Ba Delu ba. Ni.

Litinin, 28 ga Oktoba
Wuya lafiya, ƙafafu na motsi. Kan ne. Abokinsa da ke jinyarsa ya ce yana gane mutane, ya san sunan kowa, amma abin da aka gaya masa da safe, kafin yamma ya zube. Likita ya ce tunanin zai dawo a hankali, in an bar kan ya huta. Shi kuwa da ya farka, tambayarsa ɗaya, yaushe ne wasa na gaba.

Laraba, 30 ga Oktoba
Na rufe ƙofar ɗaki na kira shi, kamar wadda za ta yi sata.

Ya ce, Malama? Lafiya? Wani ne ya rasu? Kaico. Wato sai da mutuwa zan kira shi.

Na ce ba wanda ya rasu. Na ce, ka saurare ni. Ban yarda ka koma filin nan ba. Ni na haife ka, ba na so, tsoro nake ji. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Sai na ji yana jan hanci. Ƙaton da ke ture ƙarti. Ya ce, shi ke nan, na bari.

Na fito na ci abinci har da ƙari.

Alhamis, 31 ga Oktoba
Ya kira Delu da yamma. Wai yana so ya fara motsa jiki, kada sabon yaron ya gaje shi. Ya kuma ce, Inna, Malama har yanzu ba ta ce komai ba ko?

Delu ce ta zo har gidana a Malali ta gaya mini, ba ta san na kira ba. Ya manta. Maganar da na shekara ashirin da bakwai ban yi ba, na yi ta, ta zube a ƙasa.

Na yi kuka a banɗaki, na bar famfo a buɗe.

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Na sake kira. Ya sake tambaya ko wani ne ya rasu. Na sake faɗa. Ya sake cewa ya bari. Yau maganar ta fi fitowa da sauƙi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Jiya ma, yau ma. Maijidda ta ce a rubuta masa a waya ya riƙa gani. Na ce a'a, rubutu ba ya da murya.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Delu ta wuni a nan, da surukarta da wata maƙwabciya. Lokacin tashinsa ya yi, can safiya ce. Ɗakina an shanya kaya, ga shi ƙafata na ciwo, shi ya sa na kira daga inda nake zaune. Ba wani abu ba.

Yau bai tambayi wanda ya rasu ba. Ya ce, na sani, ba za ki bar ni in koma ba, kin faɗa jiya. Ya tuna! Ya ce ya gaya wa ƙungiyar, ya ajiye hular. Na ce to madalla. Ya ce, amma gobe ma ki kira, ko na manta. Daga muryarsa na san ba zai manta ba.

Na tambaye shi abin da ya ci. Muka ɗan jima, wai miyar kuka yake marmari. Na ajiye wayar. Maƙwabciyar ta riƙe haɓa. Delu ta dube ni ta ce, Hajara, yau kuma ina kunyar?

Na ce ta miƙo mini wuƙa, albasar nan ba za ta yanka kanta ba.

Gobe in na taso daga kasuwa zan kira. Sai na tambayi Maijidda ko ana barin kuka ta shiga jirgi.