Cibiyar da Anka Binne Bayan Ɗaki

Daren Talata, Sabon Birni

Matar Yaya Sani ta haihu yau. Ina tsaye ungozoma ta wanke mabiya da cibiya, anka binne su bayan ɗaki. Ni kuwa aikina ke nan a jami'a, gwada ƙwayoyin halittar ɓargo da na kitse da na cibiya, a ga waɗanda sunka fi tsirar da sabon ƙashi.

Yaya yana kwance tun da ya faɗi da babur ɗin kabu-kabu ya karye a cinya. An yi ɗori har sau biyu, cinyar ta ƙi kamawa. Ya ce, "Hadiza, cikin ukun da kike gwadawa, wanne za a sa mani?"

Na ce, "Yaya, namu bai wuce ɗakin gwaji ba tukuna."

Ya ce, "Allah shi kai mu," ya juya fuska bango.

Na koma bayan ɗaki na tsaya. Ƙasar ko bushewa ba ta yi ba.