Kwale-kwalen Baba Ya Koma Ruwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Anti da yara, tare da fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa albarka a nemanka a can nesa inda kake. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya fara leƙowa. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kaji. Baban yara yana shagonsa, keken ɗinki na ta kuka. Baba yana ci yana barci, jikinsa da ƙwari, mantuwar ce dai take ƙaruwa. A waya kullum ce maka nake yi da sauƙi, don ba na iya faɗin gaskiya yana zaune kusa da ni. Yaya, yanzu ni ma ba ya gane ni sosai. In na kai masa ruwa sai ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙuwa, kuma abin yana yi mini ciwo.

Wata safiya na neme shi a ɗaki na rasa, sai na same shi a rumfar bayan gida, inda kwale-kwalensa yake a kife tun da ya daina shiga kogi. Yana shafa katakon a hankali, yana bin tsagogin da yatsa. Ya ce mini jirgin nan ƙishirwa yake ji, kuma kogi ya kwanta, yanzu ne lokacinsa. Na daɗe ban ji ya haɗa magana tiryan-tiryan haka ba, don haka ban yi musu ba. Maƙwabta suka kama mana muka kai shi gaɓa. Baba ya zauna ya cusa tsumma a tsagogin da bakin wuƙa, ya bi da kwalta, sannan ya sa aka loda duwatsu a ciki aka nutsar da shi a bakin ruwa, don katakon ya sha ya kumbura, ƙofofin su rufe. Mutumin da ya manta sunana bai manta ko mataki ɗaya na aikin nan ba.

To, surukinka Baban yara ba ya nan aka yi haka. Da la'asar ya biyo ta gaɓa daga shago, ya hango jirgin a ƙarƙashin ruwa, ya ɗauka nutsewa ya yi. Bawan Allah ya faɗa ciki da kayansa, tef ɗin awo na wuyansa, ya kwashe duwatsun, ya kwarfe ruwan tas, ya jawo jirgin kan yashi. Ya shigo gida jiƙe sharkaf yana jiran a yi masa sannu da ƙoƙari. Baba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce tela guda, wanda ya san sai an jiƙa yadi kafin a yanka, amma ya hana katako shan ruwa. Washegari Baban yara da kansa ya mayar da duwatsun, yana ta ƙunƙuni.

Da katakon ya ƙoshi muka fitar da shi, muka shiga da hantsi. Ni a gaba, Baban yara a tsakiya ya riƙe gefe biyu gam, Baba a baya da filafilinsa. Yaya, na manta haka kogin nan yake. Ruwan ya ja baya, ya yi garau, ana ganin yashin ƙasa da inuwar jirgin tana tafiya a kansa. Ba iska, ba motsi, sai ɗigar ruwa daga filafili. Balbelu na tsaye a tsibirin yashi, ko kallonmu ba su yi ba. Ƙamshin kwalta da jiƙaƙƙen katako ya mayar da ni lokacin da Inna take tsayawa a gaɓa da wanki tana ɗaga mana murya mu dawo. Na sa hannuna cikin ruwa na lumshe ido, na kasa bambance ko mu ne muke tafiya ko bishiyoyin.

Da muka kai kwanar nan mai babban dutse, inda kake yin tsalle kana yaro, sai na ji Baba ya kira Kwaɗo, sunan da shi kaɗai yake kiran ka da shi. Ya ce ka zauna da kyau, kada ka faɗa ruwa sai mun wuce dutsen. Bayana yake gani, ya ɗauka kai ne a wurin zamanka. Na amsa masa da to, ban juya ba. Daga nan har muka dawo gaɓa da kai yake hira. Ya tambaye ka me ya tsare ka haka, ya ce ƙaramin filafilinka yana nan a saƙale a rumfa, bai bar kowa ya taɓa ba. Ina amsawa ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba a cinyata.

Na san aiki ya riƙe ka, na san hanyar da nisa, kuma ka ce sai ƙarshen shekara. Amma da damina ta sauka kogin zai cika, ba mai barin Baba ya shiga. Sunana ya riga ya fita daga bakinsa, naka ne ya rage, kuma ban san zuwa yaushe ba. Ka zo yanzu, Yaya. Jirgin yana ɗaure a gaɓa, mun bar masa ruwa kaɗan a ciki don kada ya sake bushewa.

Ka gaishe mini da Anti, da Babba da 'Yar Lele. Gwaggo da Kawu Maƙeri da Baban yara duk suna gaishe ka. Baba kam ba zan ce yana gaishe ka ba, domin a wurinsa ba ka yi tafiya ba. Ɗazu ma ya sa na rufe maka abincinka, ya ce ka je wanka kogi, yanzu za ka shigo.

Ƙanwarka,
Auta