Ba Zan Tashi Daga Gidan Mama Hulda Ba

Anti Lai'atu, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya kai ko gaisuwa na kira a waya mahaifiyata da ƙyar take amsawa. Amma in faɗa miki tun farko, ba inda zan koma nake tambaya ba. Ba zan tashi ba.

Ni Musulma ce, haifaffiyar cikin garin Kafanchan, kakannina a kasuwar nan suka tsufa. Mijina ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar min Yasmin mai shekara takwas da ƙaninta. Ina koyarwa a wata firamare ta wajen garin Gidan Waya. Shekara guda na yi ina jeka-ka-dawo daga gidanmu, mota sannan mashin, da damina in shiga aji zani duk laka. Da na gaji sai na kama ciki da falo kusa da makaranta, a gidan Baba Dogara, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da matarsa Mama Hulda. Kiristoci ne. Duk layin ma haka, in ban da ni da wani mai nama a bakin titi.

Ranar da na je duba ɗakin na ga aladu a bayan gida, na ce zan yi tunani. Bayan kwana uku sai ga Mama Hulda har makaranta, wai sun kwashe su zuwa gona. Ban roƙe ta ba. Da irin Hausarta ta ce min, "Malama, ka zo ka zauna, gidan ka ne." Yau shekara uku.

Ba wai zaman babu ƙaiƙayi ba. Rijiya ɗaya ce, mu 'yan haya uku da masu gida. Mun yi cacar baki da Beatrice ta ɗakin gefe kan igiyar shanya, wata biyu ba ma gaisawa. Kajin gidan sun cinye min alayyafo sau biyu. Duk Laraba matan zumunta na cocinsu suna gwajin waƙa a tsakar gida har kaina ya ɗauki ciwo. Amma ranar da ƙaramin ya shiɗe da zazzaɓi ina aji, Baba Dogara ne ya tuƙa mashin, Beatrice ɗin nan da muke gaba ta rungume shi a baya har asibiti. Kafin labari ya iso ni an sa masa ruwa.

Sati uku da suka wuce muka je suna gidanmu. Yasmin na wanke kofuna, sai ta kama rera waƙar matan zumunta har da amshi. Hajiyarmu ta shige ɗaki tana kuka. Babban wanmu, Yaya Zubair, ya kira ni zaure. Ya ce dama hankalinsa bai taɓa kwanciya ba, ga zaɓe na matsowa, kuma idan gari ya rikice ba a tambayar wa ya kai ɗan wa asibiti. Ya samo min ɗaki a cikin gari, ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In na ƙi, zai kira dangin ubansu su karɓi yaran.

Na ce ya kira su. Yarana suna salla, suna zuwa Islamiyya, ni nake musu tilawa da bakina. Waƙa ce ta shiga kunnen yarinya, shi ke nan. Shi da ko sau ɗaya bai taɓa taka gidan ba, ta ina ya san mutanen? Na gaji da wannan rabon gari, nan namu can nasu. Ban gaya wa Mama Hulda komai ba, da wane baki zan ce mata dangina na tsoronta? Kukan Hajiya kaɗai ke karya min zuciya. Yaya zan yi in zauna ba tare da na rasa uwata ba?

Taki, Malama 'Yar Haya, Gidan Waya.

Malama, sannu da ƙoƙari. Kada ki tashi saboda an ɗiba miki wa'adi. Ke kike riƙe da yaran nan, kusa da aikinki kike, kuma kin sami maƙwabtan da ba kowa ke dace da irinsu ba.

Sai dai kin yi wa Yayanki gurguwar fahimta. Duk wanda ya girma a yankin nan ya san abin da yake tsoro, ba ƙirƙira ya yi ba. Batun waƙa kuwa, kin san ni Kirista ce. Da 'yata ce ta je gaban mahaifiyata tana karanta Fatiha, ita ma ɗaki za ta shige. Don haka ki daina cewa "shi ke nan". A wurinki waƙa ce, a wurin Hajiya tsoron rasa jika ne. Kuma "ya kira su" da kika faɗa fushi ne ya faɗe shi. Ki riga shi zuwa wajen dangin marigayi, da yaran, su ji karatunsu da kunnensu.

Ki je wurin Hajiya ke kaɗai, ba don gardama ba. Ki ba ta haƙuri kan kukan da ta yi, sannan ki roƙe ta ta zo ta yi miki kwana biyu. Mutum ya fi tsoron gidan da bai taɓa shan ruwansa ba. Yaya Zubair kuma ki ba shi abin da zai riƙe: lambar Baba Dogara, da alkawarin cewa satin zaɓe ke da yara kuna gida wurin Hajiya. Wannan ba gudu ba ne, hankali ne.

Ki gaya wa Mama Hulda gaskiya. Matar da ta kwashe dabbobinta ba a roƙe ta ba, ba za ta kasa gane damuwar uwa irinta ba. Ranar Laraba kuma ki sama wa Yasmin abin yi a wajen gida.

Abu ɗaya nake so ki riƙe. Ki zauna don zaman ya yi muku kyau ke da yara, kada ki zauna don ki kayar da Yayanki. Ranar da kika ga alamar da ba ki yarda da ita ba, ki kwashi 'ya'yanki ki tafi, babu wanda zai ce kin faɗi.

Allah ya raya miki su, ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya zaunar mana da garinmu lafiya. Ki gaishe min da Mama Hulda, da Beatrice ma.

Anti Lai'atu