Tozon da Kake Aiko wa Baba

Zuwa ga yayana Rilwanu, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Cadawa gero ya shiga rumbu, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi. Sai dai raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Ranar Laraba Baba yana alwala buta ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Kafin mu sami mota abin ya sake shi, duk da haka na kai shi asibiti Maradi. Likita ta ɗora masa na'ura a wuya, ta nuna mini jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Ta ce in tuna hanyar ruwa a garka: inda ta miƙe ruwa na wucewa fes, inda ta rabu biyu kuwa sai ya yi ta juyawa, laka ta kwanta. Haka jini yake, a marabar jijiya kitse ke fara maƙalewa, shekara da shekaru ba ciwo ba alama. Ta ce jijiyar Baba ta fara cushewa, wannan gargaɗi ne, na gaba yana iya shanye masa rabin jiki. Dole ya sha magani, ya bar kitse, ya riƙa tafiya a ƙasa.

To wa ya hana shi tafiya? Kai ka aiko masa da moto mai ƙafa biyu, wai abin kunya ne a ga uban Rilwanu yana zuwa gona a ƙafa. Kai ka sa Isma'ila mahauci ya riƙa kawo masa tozo duk ranar kasuwa. Da na gaya maka a waya dariya ka yi, ka ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Ƙaho ne zai zuƙo abin da ke cikin jijiyar wuya? Haba Yaya!

Jiya na mayar da tozon, Baba ya aika aka karɓo. A gabana ya ci, ya ce ba za a ji a kasuwa ya raina kyautar ɗansa ba, ko da ita ce ajalinsa. Tawa ba ya ji, taka yake ji. Ka kira shi da bakinka, ka ce ka janye kyautar tozon, kafin kasuwa ta sake ci. In ka ƙi, ni ce zan riƙa juya shi a kan tabarma, kai kana Kwatano ana yabonka ɗan albarka.

Ka gaida matarka Nazira, da yara Muhsin da Ummuhani. Inna na gaishe ka.

Ƙanwarka da ba ta huce ba,
Barira